Tallafin madara a gundumar Clark ta Amurka: yadda ake biyan kuɗin da abin da ya sa garkuna ke raguwa

A tsakiyar jihar Wiskonsin ta Amurka akwai wata gunduma mai suna Clark, mai mutane kimanin dubu 35, wadda hedikwatarta ke ƙaramin garin Neillsville. A cikin gundumomi 72 na jihar babu wadda ta kai ta yawan garkunan shanun madara, kuma a bakin iyakarta ta gabas ne garin Colby yake, inda aka fara yin cukun da ke amsa sunan garin a 1885. Shekara da shekaru ke nan gwamnatin tarayya tana biyan masu kiwo a irin wannan gunduma kuɗin tallafi, kuma ba a ɓoye ake yi ba, domin ƙungiyar EWG mai rajin kare muhalli tana wallafa sunayen masu karɓa da abin da kowa ya samu, gunduma bayan gunduma, tun daga bayanan 1995. Wanda ya duba wannan jeri ya ga dubban daloli a gaban sunayen manoma zai ɗauka cewa kakarsu ta yanke saƙa. Amma a 2004 Wiskonsin tana da garkunan madara kusan dubu 16, zuwa farkon 2024 kuwa ba su kai dubu 6 ba, alhali madarar da jihar ke tatsa ƙaruwa ta yi. Ga tallafi yana fita, ga gonaki suna rufewa, kuma dalilin haɗuwar abubuwan biyu yana cikin yadda aka tsara tallafin tun daga tushe.

Mai kiwo a Clark ba shi ke yanke wa madararsa farashi ba. Yana tatsa aƙalla sau biyu a rana, madarar ta bi bututu ta shiga tankin sanyi, kullum ko bayan kwana biyu tankar kamfani ta zo, direba ya auna, ya ɗebi ɗan samfuri a kwalba, ya zuƙe sauran ya tafi. Sai bayan makonni takardar biya za ta iso, a nan ne mai shanu zai san nawa aka saya, bayan an cire kuɗin dako da kuɗin tallan madara da doka ta ɗora wa kowane mai tatsa. Ma'aunin cinikin shi ne fam 100 na nauyi, wato kimanin kilo 45, kuma shi za a riƙa kira awo a wannan rubutu. Saniya ba ta san faɗuwar farashi ba, dole a tatse ta yau a tatse ta gobe, madara kuwa ba hatsi ba ce balle a zuba a rumbu a jira kasuwa ta gyaru. Wannan rauni na mai kiwo a gaban mai saye shi ne hujjar farko ta sa hannun gwamnati, kuma a ganina hujja ce mai ƙarfi wadda masu sukar tallafi ba su cika ba ta haƙƙinta ba.

Tun daga dokar 1937 gwamnati ke ƙayyade mafi ƙarancin farashin da kamfanoni za su biya, ta hanyar raba ƙasar yanki-yanki, yanzu yankuna 11, da raba madara aji huɗu bisa abin da za a yi da ita: ta sha, ta kayan laushi irin su yogot, ta cuku, sai ta man shanu da garin madara. Ta sha ce yawanci ta fi daraja. Da yake kusan kashi 90 cikin ɗari na madarar Wiskonsin cuku ake yi da ita, farashin cuku a kasuwar Chicago shi ke juya rayuwar mai kiwon Clark. Wannan tsari ba ya fitowa a jerin masu karɓar tallafi ko kaɗan, saboda ba daga baitulmali kuɗinsa ke fita ba, daga aljihun mai sayen madara ne.

Tallafin da ke fita daga baitulmali ya sauya kama sau da dama, kuma kowane sauyi gyaran ɓarnar wanda ya gabace shi ne. Dokar noma ta 1949 ta ɗora wa gwamnati sayen cuku da man shanu da garin madara duk lokacin da farashi ya sauka ƙasa da wani mataki. A 1977, zamanin shugaba Jimmy Carter, aka ɗaga wannan mataki, manoma suka ga cewa duk abin da suka tatsa akwai mai saye, sai suka ƙara shanu. Kafin a ankara gwamnati ta tara cukun da ta rasa inda za ta kai shi, har ana ajiye wani a kogunan ƙarƙashin ƙasa a jihar Missouri, kuma a 1983 kaɗai shirin ya ci sama da dala biliyan 2. A Disamban 1981 shugaba Ronald Reagan ya ba da umarnin a fara raba cukun ga marasa ƙarfi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai dokar 1985 ta kawo shirin biyan manomi ya sayar da garkensa ɗungurungum ya bar sana'ar na shekara biyar. Manoma kimanin dubu 14 suka karɓa, aka yanka ko aka fitar da shanu fiye da miliyan ɗaya tsakanin 1986 da 1987, amma cikin ƴan shekaru waɗanda suka rage suka cike giɓin. Daga nan ne Washington ta fara janye hannunta daga sayen kaya, ta karkata ga biyan kuɗi kai tsaye. A 2002 aka zo da shirin MILC mai biya idan farashin madara ya faɗi, a 2014 aka maye gurbinsa da shirin inshora na MPP, wanda manoma suka tsana saboda sun zuba kuɗin shiga mai yawa sun sami abin da bai taka kara ya karya ba, sannan dokar noma ta 2018 ta kafa DMC, wanda shi ne ke aiki har yau.

Shi DMC inshora ce da gwamnati ke sayarwa da rahusa, kuma abin da take karewa shi ne ratar da ke tsakanin kuɗin madara da kuɗin abincin shanu. Kowane wata ma'aikatar noma takan ɗauki matsakaicin farashin awon madara a faɗin ƙasa, ta cire kuɗin abincin da ake buƙata a samar da wannan awo, bisa farashin masara da tunkuzar waken suya da busasshiyar ciyawar alfalfa. Abin da ya rage shi ne rata. Manomi yakan je ofishin FSA, hukumar ma'aikatar noma mai kula da shirye-shiryen manoma, na gundumarsa a lokacin rajista, ya biya dala 100 na takarda, ya zaɓi matakin da yake son a kare masa, daga dala 4 zuwa dala 9.50 a kan kowane awo. Matakin dala 4 ba a biyan komai a kansa bayan kuɗin takardar, na dala 9.50 kuwa santi 15 ne a kan kowane awo (santi 100 ne dala ɗaya). Duk watan da rata ta sauka ƙasa da matakin da mutum ya zaɓa, gwamnati za ta biya shi bambancin. Ba a duba madarar da ya tatsa a wannan watan, ana lissafi ne da tarihin gonarsa da aka riga aka rubuta a ofis, kuma zai iya kare har kashi 95 cikin ɗari na wannan tarihi.

A ɗauki gona mai shanu 100, irin wadda ba a rasa ta a hanyoyin karkarar Clark. Matsakaiciyar saniyar Amurka tana ba da fam dubu 24 a shekara, to tarihin gonar zai kama fam miliyan 2.4. Idan mai ita ya kare kashi 95, ya kare awo 22,800 ke nan a shekara, wato awo 1,900 a wata, kuma zai biya dala 3,420 kuɗin shiga a matakin ƙoli. A watan Yulin 2023, lokacin da madara ta faɗi abinci kuma ya yi tsada, rata ta sauka zuwa dala 3.52, mafi ƙanƙanta tun kafa shirin. Bambancinta da dala 9.50 shi ne dala 5.98, saboda haka wannan gona za ta karɓi kimanin dala dubu 11 na wannan wata kaɗai, kafin a zaftare ɗan kason da dokar tsuke kasafi ke cirewa. A wannan shekarar shirin ya biya manoman ƙasar sama da dala biliyan ɗaya. A 2022 kuwa, da madara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, wata biyu kacal ya biya. Wannan ne ya sa jerin masu karɓa yake yaudarar mai karatu: shekarar da aka ga adadi mafi girma a gaban sunan manomi ita ce shekarar da ya fi shan wahala, kuma kuɗin da ya karɓa sun riga sun tafi wurin mai sayar da abincin dabbobi da banki kafin su kwana a asusunsa.

Akwai wani sharaɗi a cikin DMC wanda ya cancanci yabo. Rahusar nan ta santi 15 da matakin dala 9.50 an keɓe su ne ga wani kaso na farko na madarar gona, wanda kafin dokar 2025 fam miliyan 5 ne, wato madarar shanu kamar 200. Abin da ya haura haka ba a kare shi sama da dala 8, kuma kuɗin shigarsa yana da tsada. Gona mai shanu dubu 5 tana tatsar fam miliyan 120 a shekara, don haka abin da rahusar ta rufe mata a wancan lokacin kimanin kashi 4 ne kacal cikin ɗari na madararta, alhali mai shanu 100 an rufe masa kusan duka. Idan da DMC ne kaɗai tallafin, da sai a ce gwamnati ta tsaya wa ƙaramin manomi.

Sai dai ko a cikin DMC ɗin akwai abin da lissafin bai gani ba. Abinci kaɗai yake cirewa. Ba ya ganin man dizal, ko wutar lantarkin injin tatsa da tankin sanyi, ko kuɗin likitan dabbobi, ko albashin ma'aikaci, ko kuɗin ruwan bashin da aka ci aka gina turke. Duk waɗannan daga cikin ratar ake biyansu, kuma a nan ne girman gona ke raba gardama. Binciken sashen tattalin arziki na ma'aikatar noma ya sha nuna cewa idan aka lissafa komai, har da aikin da maigida da iyalinsa ke yi ba albashi, kuɗin samar da awo guda a gonar da ba ta kai shanu 50 ba ya kai ninki biyu na kuɗinsa a gona mai shanu dubu 2 zuwa sama. Ratar dala 9.50 riba ce ga babbar gona, ga ƙarama kuwa tana iya zama asara, kuma a irin wannan wata shirin ba zai biya ko sisi ba, tunda a takarda komai lafiya lau. Sannan matsakaicin farashin ƙasa ake amfani da shi, ba abin da ke rubuce a takardar biyan mutumin Clark ba, wanda madararsa ta cuku ce kuma a wasu watanni takan faɗi ƙasa da matsakaicin.

Sauran hanyoyin tallafin kuwa yawan madara suke bi. A 2018, da rikicin kasuwanci ya ɓarke tsakanin gwamnatin Donald Trump da ƙasar Sin da Meziko, aka ƙaƙaba wa kayan madarar Amurka haraji, gwamnati ta biya masu kiwo santi 12 a kan kowane awo, a 2019 ta biya santi 20. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu da gidajen abinci, har aka ga manoman Wiskonsin suna zubar da madara a ramin taki a watan Afrilu saboda masana'antu sun kasa ɗauka, shirin agajin gaggawa ya biya kimanin dala 6 a kan kowane awo na madarar watanni ukun farko na shekarar. An sa iyakar dala dubu 250 ga mutum guda, amma gonar da aka yi wa rajistar kamfani mai masu hannun jari uku da ke aiki a cikinta tana iya karɓar har dala dubu 750. Akwai kuma inshorar DRP mai kare kuɗin da manomi ke samu daga sayar da madara, wadda aka fara sayarwa a 2018 ta hannun kamfanonin inshora, gwamnati na biya wa manomi kashi 44 zuwa 55 cikin ɗari na kuɗin shigarta, kuma ba a ware ƙaramin manomi da wata rahusa ta girman garke kamar yadda aka yi a DMC ba. Manyan gonaki, masu akantoci da masu ba da shawara kan kasuwa, su suka fi iya sarrafa ta, kuma ba a bayyana wanda ya amfana da wannan rangwame da sunansa. Haka nan shirin EQIP na kare muhalli, wanda doka ta ware rabin kuɗinsa ga harkar dabbobi, yana taimakawa wajen gina wuraren tara kashin shanu, abin da babbar gona ta fi kowa buƙata. Idan aka haɗa waɗannan duka, tsarin ya koma kashin dankali, babba a kan ƙarami, ko da yake ba wanda ya rubuta haka a doka.

Wani abu da ya keɓanta da Clark ya ƙara sa jerin sunayen ya gaza nuna gaskiyar gundumar. Kaso mai yawa na ƙananan garkunanta na mabiya ɗarikun Amish da Mennonite ne, mutanen da ke rayuwar gargajiya, wasunsu da doki suke noma kuma da hannu suke tatsa, kuma da yawa daga cikinsu ba sa karɓar kuɗin gwamnati saboda aƙidarsu. Abin da ke riƙe da gonakinsu shi ne yawan hannaye a gida, da ƙarancin bashin injuna, da taimakon juna a cikin jama'arsu. Wato gundumar da ta fi kowa yawan garkuna ta riƙe wani ɓangare na wannan matsayi ne ta hannun mutanen da ba sa cikin jerin masu karɓar tallafi. Ban kawo wannan don a ce tallafi ba shi da amfani ba, domin ba kowane iyali ne zai iya irin wannan rayuwa ba, kuma ba daidai ba ne a nemi haka daga gare su. Abin da yake nunawa shi ne cewa abin da ke kashe ƙaramar gona shi ne nauyin kuɗin da take kashewa a kan kowane awo, kuma tallafin bai taɓa wannan wuri ba.

Tushen matsalar shi ne madara ta yi yawa, kuma babu wani sashe na tallafin da ke rage ta. Shanun madarar Amurka sun daɗe suna tsakanin miliyan 9 zuwa 9 da rabi, amma abin da kowace saniya ke bayarwa yana ƙaruwa shekara bayan shekara saboda ingancin iri da abinci. A 2012 gwamnatin jihar Wiskonsin ƙarƙashin gwamna Scott Walker ta sa burin kai madarar jihar fam biliyan 30 a shekara kafin 2020, ta ba da tallafi don cim ma haka, aka kai wannan adadi tun a 2016. A daidai wannan lokaci kasuwar duniya ta juya baya: Rasha ta hana shigo da kayan abinci daga ƙasashen Yamma a Agustan 2014, Tarayyar Turai ta soke ƙa'idar da ke ƙayyade yawan madarar da ƙasashenta za su tatsa a Afrilun 2015, Sin kuma ta rage saye. Awon da aka sayar kimanin dala 24 a 2014 ya koma dala 16 zuwa 17 a shekarun da suka biyo baya. Idan farashi ya faɗi, manomin da bashi ke wuyansa ba ya rage tatsa, ƙarawa yake yi don ya cike kuɗin wata, maƙwabcinsa ma haka, sai farashin ya ƙara faɗuwa. A 2019 kaɗai Wiskonsin ta rasa garkuna sama da 800, kusan ɗaya cikin kowane goma. Da yawa daga cikin shanun da aka yi gwanjonsu ba su bar sana'ar ba, sun koma turken wanda ya fi ƙarfi ne. A watan Oktoban wannan shekarar, a babban baje kolin madara na birnin Madison, sakataren noma na lokacin, Sonny Perdue, ya faɗa wa manema labarai cewa a Amurka manya ƙara girma suke yi, ƙanana kuma su fita. Maganar ta yi wa manoma zafi ƙwarai, amma alƙaluman ma'aikatarsa sun bi bayanta: ƙidayar noma ta 2022 ta nuna gonakin da ke sayar da madara sun ragu da kusan kashi 39 cikin ɗari a cikin shekara biyar, kuma masu shanu dubu ɗaya zuwa sama su ke samar da kusan kashi biyu cikin uku na madarar ƙasar.

Masu goyon bayan wannan tafiya suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: madara da cuku sun yi sauƙi ga mai saye, ƙasar kuma tana fitar da kaya waje, musamman zuwa Meziko. Amma akwai kuɗin da ba ya shiga wannan lissafi. Idan gonaki goma masu shanu 80 suka koma gona guda mai shanu 800, madarar ba ta ragu ba, sai dai iyalai tara sun daina saye a shagon kayan gona na garin, yaransu sun ragu a makaranta, likitan dabbobi ya rasa gidaje tara. A gundumar Kewaunee da ke gabashin jihar, inda shanu suka ninka mutane sau da dama kuma ƙasar ba ta da kauri a kan dutse mai tsagogi, gwaje-gwaje sun nuna gurɓatar rijiyoyin gidaje da dama, kuma kashin shanu yana cikin abubuwan da aka gano sun jawo haka.

Akwai wata hanyar da maƙwabciyarsu Kanada ta bi tun farkon shekarun 1970. A can ana ƙayyade yawan madarar da ƙasa ke buƙata, a raba wa manoma kaso, a sa farashi bisa kuɗin samarwa, sannan a ɗora haraji mai nauyi kan ta waje. Matsakaicin garke a Kanada kimanin shanu 100 ne, kuɗin shigar manomi kuma ba ya hawa da sauka irin na Amurka, amma mai saye yana biyan kuɗi mafi yawa, kason tatsa ya yi tsadar da matashi ba ya iya saye, gonakin can ma raguwa suke yi. Ƙungiyar manoma ta Wisconsin Farmers Union ta daɗe tana neman wani abu mai sauƙi fiye da haka, wato duk gonar da za ta faɗaɗa fiye da wani kaso a shekara ta biya kuɗi, a raba wa waɗanda ba su faɗaɗa ba. Ina ganin wannan shawara ta fi kusa da ciwon, domin ita ce ke magana a kan yawan madarar da ke shiga kasuwa, amma manyan masana'antu da masu fitar da kaya waje ba sa so, kuma majalisa ba ta karɓe ta ba. Abin da majalisar ta yi a dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 shi ne ta tsawaita DMC zuwa 2031, ta sabunta tarihin gonaki zuwa shekarun 2021 zuwa 2023, ta kuma ɗaga iyakar rahusa daga fam miliyan 5 zuwa miliyan 6. Ƙarin fam miliyan ɗayan zai amfani gona mai shanu sama da 200, amma mai shanu 60 a wajen garin Loyal ko Thorp, wanda dama bai kai rabin tsohuwar iyakar ba, wannan ƙari bai shafe shi ba.